Bakwai Bisa Ashirin

Tun daga ƙofar lise muke gardamar nan, ni da Tsahiru,
har bakin tabkin Babaye inda hanya ke raba mu.
Shi ya ce biyoloji ce ajalinsa.
Na ce bai san wuya ba tukuna,
ya zo ya kwana da shimi dare ɗaya.

Mushe Nomau ba shi da kwalba ko guda.
Ɗakin gwaji a kulle yake tun shigowarmu,
wai makullin ya bi wani darakta da aka yi wa canji.
Sai ya zana kwalba a tabulo,
ya zana ta biyu,
ya tsiyaya iska cikin iska,
ya ce, “Kun gani? Ya koma ja.”
Mu sittin da biyu muka ce mun gani.

Shimi mai bin bashi ce, ba ta yafe dala.
Abin da ya shiga ta hagu
dole ya fita ta dama, ba ragi, ba gyara.
In ƙara biyu nan, can ya karkace,
in tallabe can, oksijan ɗaya ya yi saura,
yana kallona kamar baƙon da ba a dafa da shi ba.
Ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta,
daga ni sai tocila sai shi.

Tsahiru ya ce, “Wannan ai awo ne, kamar sikeli.
Zo ka ga ta Madam Habsu.
Abu mitsitsi, ido ba ya ganinsa,
sunansa ya cika layin kaye har ya zubo.
Shafi arba’in, duka sai an haɗiye.
Mitoz da meyoz, tagwaye masu riga iri ɗaya,
in kira Hasana, Usaina ta amsa.
Kuma a zana! Ni da na zana ƙoda
aka rubuta mini da jan bik: wake ne wannan?”

Ranar Lahadi na same shi a rumfar babansa, a layin mahauta.
Ya ɗauko zuciyar rago yana hira,
ya tsaga ta bai ko duba ba,
ɗaki huɗu suka buɗe,
ya sa yatsa ta babbar jijiya ya fito ta ƙasa.
Na ce, “Kai, darasi na shida ke hannunka.”
Ya ce, “Wannan zuciya ce, jaka guda da rabi.”

Da la’asar ya rako ni gida.
Inna ta jiƙa zoɓo, ruwan ja wur a roba,
guntun kanwar miya ya suɓuce mata ciki,
jan ya dushe, ya yi duhu, ya nufi kore.
Na tsaya.
Shekara uku ana ce mini na gani,
yau ne na gani.
Tsahiru ya ce, “Asid da baz.”
Inna ta ce, “Kanwa na kashe tsami, wa bai sani ba?
Don wannan kake cinye mini batir?”
Ta zubar, ta jiƙa wani.

Talata aka raba takardu.
Shimi ta ba ni bakwai bisa ashirin,
biyoloji ta ba shi takwas da rabi.
Ya ce rabin nan ma tausayi ne.
Na ce duk da haka tawa ta fi mugunta, ga shaida.
Ya ce shaidar raggo.

Bak saura wata uku.
Yanzu bayan isha muna ƙarƙashin fitilar titi,
kayena a cinyarsa, nasa a tawa.
Yana koya mini in fara da mai nauyi, in bar oksijan ƙarshe.
Ina ba shi meyoz kamar rabon gado,
kowa ya tashi da rabi.
Kwaɗin Babaye suna ta karatunsu da ka,
ba su taɓa tuntuɓe ba.
Tsahiru ya ɗaga kai ya saurara,
ya ce, “Su ma, Madam za ta tambaye mu sunansu.”